Ranar da Na Ƙwace Ƙwallo a Hannun Walƙiya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a unguwar Romi ta Kaduna, ranar da bakina ya kai ni inda ƙafafuna suka kasa dawo da ni. Shekaru sun shuɗe, gashin kaina ya yi fari, amma har yau in abin ya faɗo min a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai in ji na ce "kash!" da ƙarfi, har maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko wani abu ne ya cije ni.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina saurayi, ina aiki a sito a wata masaƙa da ke Kakuri, ina zaune a gidan yayana a Tudun Wada. A zamanin nan manyan kamfanoni kowanne yana da kulob ɗinsa na wasa, mu kuma namu na ƙwallon kwando ne. 'Yan wasan sunansu yana cikin na ma'aikata, ƙarshen wata su bi layi su karɓi albashi kamar kowa, amma ainihin aikinsu shi ne su jefa ƙwallo cikin kwando su fitar da mu kunya. Mu kuwa magoya baya aikinmu ihu da gardama, kuma a wannan fannin ba na jin akwai wanda ya kama ƙafata a duk masaƙar. (Gara in faɗa tun yanzu: ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba a rayuwata. Na taɓa gwadawa, ta daki allo ta dawo ta same ni a hanci, daga nan na gane baiwata a baki take.)

Abin da ya ɗaga darajata a cikin magoya baya shi ne Audu Dogo. Maƙwabcinmu ne, kuma shi ya fi kowa tsawo a kulob ɗinmu; in zai shiga zauren gidansu sai ya sunkuya kamar mai gaida surukai. Ranar wasa ni ke riƙe masa jaka, don haka mai gadi ba ya tare ni, kuma a bayan bencin 'yan wasa nake zama ina jin duk abin da koci ke faɗa. Washegari a kantin, wurin cin abincin ma'aikata, sai in maimaita maganar kocin kamar daga kaina ta fito.

Ana nan sai labari ya ɓulla cewa wani ɗan wasa na wani kulob a Jos, Gyang, wanda kowa ya fi sani da Walƙiya, ba ya jin daɗin zamansa a can. An ce ya daina dariya a fili, in an tashi wasa ya ɗauki jakarsa ya wuce, kuma ya faɗa wa manyansu yana son barin garin. Wannan duk bai dame ni ba sai da na ji sauran: wai manyanmu suna so su yi musaya, su karɓi Walƙiya su ba da Audu Dogo haɗe da wani matashin ɗan wasa.

Masaƙa ta rabu biyu. A kantin, a bakin get, a cikin bas ɗin ma'aikata, ba ka jin komai sai Walƙiya da Audu. Teburinmu mu uku ne kullum: ni, da Bulus mai gyaran injin saƙa, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Romi, sai Terver, Tibi daga Binuwai, wanda ke sashen rini, hannuwansa kullum shuɗi ko ya wanke su da me.

"A kawo shi yau, kada a kai gobe," in ji Bulus, yana nuna ni da cokali. "Audu yana da tsawo, na yarda. Turken lantarki ma yana da tsawo. Wa zai kai masa ƙwallon? Kullum yana tsaye ƙarƙashin kwando hannu a sama kamar mai roƙon ruwa."

Na ce, "Mutum biyu a kan mutum ɗaya? Kuma ɗayan ma mai fushi? Wanda ya ɓata rai a gidan da aka raine shi, mu su wane ne da zai yi mana dariya? Ba ɗan wasa za mu ɗauko ba, rigima za mu ɗauko mu ba ta ɗaki."

"Shuka in ta ƙi wuri ba a cewa iri ne ya lalace. Sauya mata ƙasa ake yi."

"In kuma tsutsa ce a cikinta fa? Ka kai ta gonarka ta cinye maka sauran."

Shi Terver ba shi da ɓangare. Yakan duba ya ga inda mutane suka fi ƙaranci ya koma can, don kada gardama ta mutu. Yau yana tare da ni yana cewa mai fushi ba ya cin kofi, gobe yana tare da Bulus yana cewa mai fushi ya fi kowa yunwar nasara. In ka ce masa, "Ba haka ka ce jiya ba," sai ya ce, "Jiya ai jiya ce, oga."

A baki ina kare Audu ne (da kujerata ta bayan benci, in za a bi gaskiya), amma abin da ya hana ni sakat daban ne. Me ke damun Walƙiyan nan? Ana kiran sunanka a rediyo, yara suna ɗaukar lemun tsami suna jefawa a bokiti suna cewa su ne kai, ana biyanka don ka yi wasa alhali mu muna shaƙar ƙurar auduga, sannan a ce ba ka murna? Tambayar ta zauna min a kai kamar ƙudan da ya shiga gidan sauro. Ina lissafa bandir ɗin yadi a sito ina tunaninta. Ina cin tuwo ina tunaninta. Matar yayana har ta tambaye ni ko wata yarinya ce ta juya min baya.

Sai na shiga bincike. Na fara da Malam Sabo, direban babbar motar da ke kai yadi Jos. Ya ce shi bai san ƙwallo ba, amma an taɓa nuna masa wani yana fitowa daga asibiti an ce ga Walƙiya can. Na ce yana ɗingishi? Ya ce, "To, ba dai gudu yake ba." Na riƙe wannan. Mai sayar da jarida a bakin get ya ce ai irin wannan kullum koci ne. Na riƙe. Iya mai abincin kantin kuwa, tana zuba min miya ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ɗana, in namiji ya ƙi gari, ka duba wani garin, akwai mace." Na riƙe wannan ma. Na haɗa ukun na tuƙa su tuwo ɗaya: gwiwarsa ta lalace, ya yi faɗa da koci, kuma akwai wata a Kaduna da ke jan sa da igiya.

Abu ɗaya ne kawai babu a bincikena: ban taɓa ganin mutumin ba. Lokacin da kulob ɗinsu ya zo Kaduna ya lallasa mu, ina aikin rana, shugaban sito ya hana ni fita. Abin da na gani shi ne hotonsa a wani yagaggen shafin jarida da aka naɗe min ƙosai, yana sama ya yi tsalle, mai ya ɓata rabin fuskar. Daga wannan hoton na yanke cewa ƙato ne dogo. Ai ɗan ƙwallon kwando ne, me kuma zai zama?

Ana cikin haka bikin ƙanwar Bulus ya zo. An ɗaura auren a coci da safe, liyafa kuma a filin makarantar firamaren cocin da ke Romi. Na ari babbar rigar yayana, fara sol, mai aiki a wuya. Yayana ya fi ni tsawo da jiki, don haka rigar har tana share ƙasa, amma da na duba madubi sai na ga ai kwarjini ne. Na hau bas na sauka, na ƙarasa da ƙafa ina tattare da gefen riga a hannu.

Na tarar wuri ya cika. An kafa rumfuna, matan ƙungiyar zumunta ta cocin sanye da atamfa iri ɗaya suna kiɗa da waƙa, ƙamshin dafa-duka ya game ko'ina. Can gefen filin akwai wani turke da aka kafe wa allo da zoben ƙarfe marar raga, inda yaran makarantar ke wasa. Bulus ya taro ni yana zufa, da faranti a kowane hannu, ya ce, "Ka makara. Zo ga wuri nan, zauna kusa da baƙinmu na Jos, dangin ango ne." Ya dire min faranti ya wuce.

Jos! Kunnena ya miƙe.

Na kusa da ni a bencin wani siririn mutum ne, tsawonmu kusan ɗaya, sanye da riga mai gajeren hannu da ba ta da wani ado. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba tana barci a ƙirjinsa, ya tallafe ta da hannu ɗaya yana cin abinci da ɗayan a hankali don kada ta farka. Gefensa wata mata ce mai fara'a da ɗaurin kallabi babba. Muka gaisa. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba. Ban ko kai loma uku ba na juya.

"Ɗan'uwa, an ce daga Jos kuke. Ka san Walƙiya, ɗan ƙwallon kwandon nan?"

Ya dube ni, ya dubi matar, ya ce, "Ina jin sunansa."

"Don Allah me ake cewa yana damunsa a can? Abin nan ya daɗe yana cin raina."

"Mutane suna faɗin abubuwa da yawa," ya ce. "Ku a nan me kuka ji?"

Jama'a, da tambaya na zo. Wallahi da tambaya na zo. Amma ba a taɓa yi min irin wannan tayin na ƙi ba. Na ajiye cokali, na gyara zaman riga a kafaɗa, na rage murya irin ta wanda ya san sirri.

"Gwiwa ce," na ce. "Ta gama aiki. Su mutanen Jos sun sani, shi ya sa suke so su lallaɓa su sauke mana ruɓaɓɓen kaya su karɓe mana Audu."

"Ashsha," ya ce. "Wacce gwiwar? Hagu ko dama?"

"Hagu." (Ta hagu ce ta fi kusa da ni, shi ke nan dalilin.)

Ya sauke hannu ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya ɗan lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta. Na ɗauka yarinyar ce ta yi masa nauyi.

"Ban da haka," na ci gaba, "ba sa ga maciji da kocinsu. Mutum ne mai girman kai, ba a gaya masa ya ji."

"Kai ka san shi ke nan."

Nan ne ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya, gajeriya, ko yaro ya iya ta. Amma wasu samari biyu a bencin gabanmu sun riga sun juyo suna saurare, ni kuwa in na ga an juyo, wani abu ne ke hawa kaina.

"Sani kai! Ai na je Jos wajen wani kawuna, har filin da suke atisaye na je."

"Yaya yake? A jiki nake nufi."

Na ɗaga kai na auna rumfa. "In ya miƙe a nan sai ya sunkuya. Hannunsa kamar faranti. Ba shi da fara'a ko kaɗan."

Matar ta kai gefen gyalenta baki tana tari. Na ce mata sannu, barkono ne, ta sha ruwa.

Daidai nan Terver ya iso da lemo a hannu ya zauna a ɗaya gefena. Ya buɗe baki zai gaishe ni, idonsa ya sauka a kan mutumin, sai bakin ya tsaya a buɗe. Shi ya kalli wasan da ni ban kalla ba. Na ji an taka min ƙafa. Na janye. Aka sake takawa, da ƙarfi. Na ce, "Terver, takalmin nan ba nawa ba ne, ka kula." Na juya ga mai saurarona.

"Har kun yi wasa tare?" ya tambaya, fuskarsa cike da son sani, irin na ɗalibin kirki.

"Ɗan taɓawa dai. Sun rasa mutum ɗaya aka ce in shiga. Ba yabon kai ba, sau biyu na ƙwace ƙwallo a hannunsa. Mutane suna tsoron sunan ne kawai. In ka tsare masa hagu, shi ke nan, ya zama mutum kamar kowa."

Terver ya ce, "Oga, zo mu je ka raka ni wani wuri." Na ce ya bari in gama magana.

"Amma duk wannan ba shi ne babban dalili ba," na ce, na ƙara matsawa kusa. "Mace ce. Akwai wata a nan Kaduna."

Matar ta ajiye cokalinta. "Wace irin mace ce, Malam?"

"Madam, ba na son gulma a gidan biki. Amma an ce ta riƙe shi gam, sai abin da ta ce yake yi."

Ta dubi mutumin ta ce, "Kai, da ma haka ne."

Ban gane ba, kuma ban samu lokacin ganewa ba, domin a nan ne kawun Bulus, Baba Yohanna, wanda ke riƙe da lasifika, ya buga ta da yatsa ya ce jama'a a saurara. Ya ce yau Allah ya yi wa gidan nan baƙo na musamman, ɗan gwaggon ango, wanda ya taso tun daga Jos, wanda duk mai rediyo ya san sunansa. "Gyang, Walƙiya da kansa! Taso, ɗana, ka yi wa ango da amarya magana."

Na miƙa wuya ina duba rumfuna, ina neman inda ƙaton zai ɓullo. Zuciyata har tana bugawa don murna, yau zan gan shi. Sai na ji an taɓa min hannu.

"Ɗan riƙe min ita," in ji na kusa da ni. Ya ɗora min yarinyar a ƙirji a hankali, ya gyara mata kai a kafaɗata, ya miƙe ya nufi lasifika. Wuri ya kaure da tafi.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san in an ɗauke wuta a masaƙa, injuna duka su tsaya lokaci ɗaya, kunnenka ya riƙa ƙara shi kaɗai? Haka kaina ya yi. Tunanin farko da ya zo min shi ne gudu. Na hango hanya tsakanin rumfa da katangar makaranta, na auna ta. Amma ina zan je da 'yar mutane a hannu? In gudu da ita, na zama ɓarawon yara a kan maƙaryaci. In miƙa wa matar, sai na dubi fuskarta. Na juya wajen Terver, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna rawa. Matar ta matso kan bencin ta ce, "Sunana Rahila. Ni ce ta Kadunan." Ba ta karɓi yarinyar ba. Ina jin da gangan ta bar min ita.

Walƙiya ya yi wa ango da amarya magana mai daɗi, gajeriya, a kan haƙuri da zama wuri ɗaya. Na fara sa rai abin zai wuce haka. Sai ya ce, "Kafin in zauna, yau na yi farin ciki biyu. Na haɗu da wani tsohon abokin wasana da na manta da shi sam. Ya tuna min sau biyu ya ƙwace ƙwallo a hannuna a Jos. Ga shi can, mai farar riga." Kawuna suka juyo kamar an ja su da zare. "Na ga akwai kwando a can. Ko akwai mai ƙwallo? Ina so in rama."

Kafin ka ce kwabo an kawo ƙwallo daga ofishin makaranta. Madam Rahila ta miƙo hannu ta karɓi 'yarta, a daidai lokacin da na fi buƙatarta. Bulus ya ɓullo daga inda ban sani ba ya kama hannuna yana cewa, "Taso, gwani, taso." Matan zumunta suka sauya kiɗa. Har amarya ta ɗage mayafi don ta gani da kyau.

Na tsaya a gabansa ƙarƙashin turken nan, na buɗe hannuwa kamar yadda na ga ana yi, babbar riga ta baje kamar an shanya zanin gado. Ya fara buga ƙwallon a ƙasa a hankali, yana murmushi. Ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Ka tsare hagu fa." Na matsa hagu. Ban ga lokacin da ya wuce ba. Na ji iska, na ji ihu, na juya na ga ƙwallo tana saukowa ta cikin zobe. Ya sake. Wannan karon ya tsaya cak a gabana, ya yi kamar zai bi dama, na bi dama, ya koma, na koma, ƙafafuna suka harɗe, shi kuwa ya yi tsalle a kan gwiwar nan ta hagu da na yi wa jana'iza, ya jefa daga nesa. Ta shiga ko zoben ba ta taɓa ba. Duk da halin da nake ciki, sai da wani ɓangare na zuciyata ya ce, kai, ashe haka yake yi! Yaya yake juya jiki haka ƙwallon ba ta kuɓuce ba?

A karo na uku ya so ya yi min wadda ta fi ciwo, ya wurga ƙwallon ta tsakanin ƙafafuna ya zagaya ya karɓe ta a baya. Ya wurga. Ya zagaya. Ƙwallo ba ta fito ba. Rigar yayana ta kama ta kamar koma ta kama kifi. Na ji abu yana yawo tsakanin ƙafafuna, na ja baya, na taka gefen riga, na ji kyaaat a kafaɗa, na tafi gaba ɗaya na zauna daɓas a kan ƙwallon, hulata ta yi nata wuri.

Sai Walƙiya ya ɗaga yatsu uku sama ya ce, "Sau uku ke nan!"

Na ga dattawa suna share hawaye. Na ga wata tsohuwa ta zauna a ƙasa don dariya. Baba Yohanna yana so ya yi magana a lasifika, dariyarsa kawai ke fita ta cikinta. Walƙiya ya miƙo hannu ya ɗaga ni, ya kakkaɓe min ƙasa a baya, ya ɗauko min hula.

Mai hankali daga nan gida zai wuce. Ni kuwa da muka koma benci, ina riƙe da yagaggiyar kafaɗar riga, na ba shi haƙuri, na ba Madam Rahila haƙuri har sau ban san adadi ba, sai na ji tambayar nan tana nan daram inda take. Kunya ba ta kashe ta ba. Na ce, "Don girman Allah, tunda dai na riga na tozarta, ka faɗa min. Me ke damunka a can?"

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya nuna yarinyar, wadda ta farka tana maƙale da uwarta tana kallonsa ta gefen ido. Ya ce, "Sunanta Simi. Rahila nas ce a nan, an nemi a mayar da ita Jos abin ya ƙi. Ranar da aka haifi yarinyar nan ina wani gari ina wasa. Jiya da na iso na miƙa mata hannu, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta tana kuka. Tun safe nake lallashi kafin ta yarda ta yi barci a jikina, shi ma don gajiya ce." Ya juyo ya dube ni. "Kocinmu kuwa shi ya fara koya min riƙe ƙwallo. Shi ya ce in tafi, kada in tsufa 'yata tana kirana baƙo."

Na ce, "To asibitin fa?"

"Wane asibiti?"

Na ce a bar maganar.

Bulus ya rantse min bai san mutumin zai zo ba sai da safiyar ranar, kuma wai wurin zama ne kawai ya ƙare shi ya sa ya ajiye ni a nan. Har yau ban yarda ba. Yayana kuwa da ya ga rigarsa sai ya daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci.

Musayar ta tabbata bayan 'yan makonni. Na je gidan su Audu da fuskar ta'aziyya, na tarar yana haɗa kaya yana fito. Ashe shi ya je ya roƙi a sa sunansa, yana so ya shiga makarantar koyon aikin lantarki a can, kuma dangin mahaifiyarsa duk suna Jos. Wata guda ina yaƙi dominsa a kantin, ban taɓa tsallaka kwata na tambaye shi ba.

Da Walƙiya ya zo, sai aka rasa sashen da za a sa sunansa a masaƙa sai sito. Ranakun da babu atisaye a benci ɗaya muke zama. Bai taɓa kirana da sunana ba, Sau-Uku yake ce min, sunan ya bi masaƙa, ya haye har Tudun Wada, akwai waɗanda har suka bar aiki ba su san ina da wani suna ba. Kofi dai ba mu ci ba a shekarar. Mun yi ta zura ƙwallo, amma babu dogon da zai tsare mana ƙarƙashin kwando, aka yi ta zura mana mu ma. Bulus ya ce da ba don Walƙiya ba da abin ya fi haka muni, wasu suka ce da Audu yana nan da ba a yi mana haka ba, Terver ya duba inda aka fi ƙaranci ya zauna. Ni kuwa a karon farko na ci abincina na yi shiru, har Iya ta tambaya ko ba ni da lafiya.

Ban ce na daina surutu ba, wanda ya san ni zai ƙaryata. Amma tun daga ranar, kafin in ba da labarin kowa, sai na fara tambayar na kusa da ni sunansa, da sunan da ake kiransa da shi, da abin da yake yi. In kuma ina tsakiyar zuba wani ya yi murmushi ya ce in ɗan riƙe masa yarinya, to na san magana ta ƙare, sai addu'a.